Sa Hannun da Baba Ya Hana Ni: Yadda Na Shiga Baraden Waliyyi Mulumba

Ranar da aka binne wani tsohon hedimasta a cocinmu na Katolika da ke kudancin garin Kaduna sha'awar abin ta fara shiga raina. Marigayin ɗan ƙungiyar nan ne da ake kira Knights of St. Mulumba, KSM a taƙaice, wato Baraden Waliyyi Mulumba in za a faɗa da Hausa. 'Yan'uwansa na ƙungiya suka zo cikin kayansu, suka jeru dama da hagu tun daga ƙofar coci har bakin bagade. Su suka ɗauki akwatin, su suka tsaya a bakin kabari har aka gama zuba ƙasa. Matansu kuwa suka kewaye matar marigayin, ba su bar ta ta taka ko'ina ita kaɗai ba. Na koma gida ina cewa a zuciyata, wannan ita ce sutura, haka ya kamata a raka namiji gidansa na gaskiya.

Gaskiya ɗaya ce, abin da ya ja ni ke nan: girman, da kujerar gaba, da jin ana sa wa mutum "Sir" a gaban sunansa. Sunan waliyyin da ke rubuce a tutarsu ko kallo bai ishe ni ba. Na san dai ɗaya ne daga cikin shahidan Yuganda da muke tunawa ran 3 ga Yuni, iyakar sanina ke nan.

Ba a shiga wannan ƙungiya da ka kawai. Sai wani na ciki ya tsaya maka, ya ce ya san ka, ya san gidanka. Daga nan a nemi katin baftismarka, da takardar aurenka na coci, da wasiƙar Fadan da ke riƙe da ikilisiyarka mai shaida cewa kana zuwa Misa kana karɓar Jibin Ubangiji. Sai kuma yardar matarka, domin in ka shiga ita ma ta shiga ɓangaren mata, waɗanda ake kira Ladies of St. Mulumba. Duk waɗannan na haɗa su cikin wata guda. Uwargida ta ce, "Baban yara, in dai abin zai sa ka riƙa dawowa gida da wuri, na yarda." Wanda zai tsaya mini ma ban sha wahalar nema ba. Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu, tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi shekaru a Kafanchan, ya san mahaifina tun yana katikis, wato mai koyar da addini a coci, a ƙauye. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, saboda koyarwa na fara yi kafin in koma aikin ofis.

Na cika fom, na kai masa gida wata Asabar da yamma. Ya sa tabarau, ya bi shi layi-layi da yatsa, har ya zo inda aka ce a rubuta 'ya'ya. Na rubuta huɗu. Ya daɗe a wurin. Sannan ya cire tabarau, ya ninke takardar, ya ɗora a kan rediyonsa.

"Malam, 'ya'yanka nawa?"

Na ce, "Huɗu, Baba."

Ya ce, "To ita ta ƙauyen can fa, 'yar wa ce?"

Jikina ya yi sanyi. Lokacin da nake saurayi aka tura ni koyarwa wani ƙauye ta wajen Zonkwa. Na nemi wata yarinya, na kai wani abu daga cikin kayan aure na gargajiya, muka zauna tare shekara biyu, ta haifa mini 'ya mace. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kaduna, na ce zan dawo in ɗauke su. Ban dawo ba. Da farko nakan aika ɗan abin da ya samu, daga baya aiken ya yi nisa, har ya yanke. Na yi auren coci, na gina gida, na haifi huɗun da na rubuta. A dokar Ikilisiya aurena na coci yana nan daram, babu abin da ya taɓa shi, kuma da wannan na riƙa kwantar wa kaina da hankali shekara 20 da 'yan kai.

Baba bai yi mini faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan littafi da bangonsa ya yage, tarihin waliyyin ƙungiya. Ya ce, "Sunan mutumin nan kake so ka ɗauka. Je ka karanta shi tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka gama, ka dawo mu yi magana. Amma hannuna ba zai hau takardar nan yau ba."

Na fita raina a ɓace. Wata uku ban buɗe littafin ba, in na hango Baba a coci sai in bi wata ƙofa. Wani dare da aka ɗauke wuta na rasa abin yi, na kunna fitilar waya na fara karantawa, ban kwanta ba sai da na kai ƙarshe.

Matiyas Kalemba, wato shi Mulumba, ba ma ɗan masarautar Buganda ta ƙasar Yuganda ba ne a asali. A ƙasar Busoga aka haife shi, aka kamo shi yana yaro aka kawo shi bawa. Wani mutum mai suna Magatto, dangin sarkin yankin Ssingo, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ya taso da hankali da amana har aka ba shi sarauta a ƙarƙashin Mukwenda, mai mulkin Ssingo, aka sa shi yana yanke wa mutane shari'a. Mulumba ɗin da muke kiransa da shi ma sunan sarautar ne, ba sunan yanka ba. Mutum ne mai neman Allah da gaske. Ya fara bin Musulunci a hannun Larabawa 'yan kasuwa, ya saurari masu mishan na Angilikan, daga ƙarshe ya zauna wurin limaman Katolika Faransawa, aka yi masa baftisma ran 28 ga Mayu, 1882. A lokacin yana da mata da yawa, kamar kowane mai sarauta na zamaninsa. Ya zauna da guda ɗaya, ya sallami sauran, amma bai watsar da su ba, sai da ya tanadar musu abin zaman duniya.

A wannan layin na tsaya. Na maimaita shi ya fi sau biyar. Mutumin da bai san Almasihu ba sai da ya manyanta, ya san cewa shiga sabuwar hanya ba ta yafe maka hakkin waɗanda ka bari a tsohuwar. Ni kuwa ɗan katikis, wanda aka yi wa baftisma yana jariri, na bar mace da goyo na kafa hujja da takardar aure.

Sauran labarin ya ƙara kashe mini jiki. Mai sarauta ne, amma ana ba da labarin yana ginin tukwane da jima da hannunsa don ya ci halaliyarsa, ba ya karɓar toshiyar baki a shari'a, in an fita yaƙi ba ya taɓa ganima. Da limaman suka bar Buganda a ƙarshen 1882, ba su dawo ba sai 1885, gidansa na Mityana ne ya zama wurin koyarwa da addu'a, shi da abokansa Luka Banabakintu da Nuhu Mawaggali. Sai Kabaka Mwanga na 2, wato sarkin Buganda, ya juya wa Kirista baya. A watan Nuwamba na 1885 aka kashe Yusufu Mukasa Balikuddembe, a watan Mayu na 1886 kuma aka shiga kame. An kawo Mulumba gaban Katikkiro, wato wazirin sarki, sai waziri ya yi masa ba'a da maganar matan nan, wai ga mai sarauta ya kori matansa, ko shi ke dafa wa kansa abinci? Mulumba ya tambaye shi, shin don ya rame aka kawo shi shari'a, ko don addininsa? Da aka ce a gani ko Allahnsa zai cece shi, ya amsa cewa Allah zai cece shi, amma ba za su ga yadda zai yi ba, zai ɗauki ransa ya bar musu gangar jiki.

Bai kai Namugongo ba, inda aka ƙona su Charles Lwanga da yaro Kizito ran 3 ga Yuni. A kan tudun da yau ake kira Tsohuwar Kampala ya zauna, ya ce a kashe shi a nan. Ran 27 ga Mayu suka datse masa hannuwa da ƙafafu, suka ɗaure jijiyoyin don kada jini ya ƙare ya mutu da wuri, suka bar shi cikin ciyawa. Kwana uku yana nan. Wani mai wucewa ya ji yana roƙon ruwa, tsoro ya hana shi matsowa. Wajen 30 ga Mayu ya cika, yana da kimanin shekara 50. Shekarata ke nan daidai a daren da nake karantawa.

Washegari na faɗa wa uwargida komai. Ta san da maganar sama-sama tun kafin aurenmu, amma ba mu taɓa zama mun yi ta ba. Ta yi shiru har na zaci ba za ta tanka ba. Can ta ce, "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da ni aka yi wa haka, da har yau ina kuka. Yaushe za ka je?" Na ce ƙarshen wata. Ta ce, "Asabar ɗin nan za mu je, tare."

Ba zan zayyana duk abin da ya faru a ƙauyen ba, domin sirrin wasu ne. Uwar 'yar tawa ta yi wani aure ta haifi wasu 'ya'ya, mijin ya rasu, tana noman citta da acca tana riƙe gida. Ta karɓe mu a tsakar gida, ta ba mu kujeru biyu na katako, ita ta zauna a kan turmi. Na durƙusa gabanta da gaban yayanta namiji, na nemi gafara. Ta ce ita ta daɗe da barin ni da Allah, amma in tambayi wadda na bari. 'Yar tawa tana tsaye a bakin ƙofa, hannu harɗe a ƙirji. Goshin mahaifiyata ne sak a fuskarta. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta samu gurbi a kwalejin horon malamai har sau biyu, kuɗin rajista ya gagara. Ta dube ni ta ce, "Malam, yanzu me ya kawo ka?" Na gaya mata gaskiya, har da maganar fom da sa hannun da aka hana ni. Ta ce, "Ashe da ba don ƙungiya ba, da ba ka zo ba." Ban sami amsa ba, don ba ta yi ƙarya ba.

Muka shirya da yayan uwar a gaban shaidu: karatunta a wuyana har ta gama, sunanta ya shiga takardun gidana da na fanshona daidai da sauran, uwar kuma in riƙa aika mata kuɗin taki duk damina. Sai da na cika alkawarin zango biyu na karatu, na je na furta zunubina gaban Fada, sannan na koma wurin Baba da sabon fom. 'Ya'ya biyar. Ya sa tabarau, ya duba, ya ɗauki biro. Shekara guda da wata biyu ke nan tsakanin fom na farko da na biyu.

Daga nan abin ya bi hanyarsa. Kwamitin tantancewa na ƙaramar majalisarmu ya kira ni da uwargida, aka yi mana tambayoyi a kan aiki, da bashi, da zaman gida, da ko ina cikin wata ƙungiyar asiri. Mutum biyu suka zo gida ba tare da sanarwa ba, suka sha ruwa, suka gaisa da maƙwabta. Aka sa mu cikin ajin koyarwa na 'yan watanni, mu 9, yawancinmu ma'aikata da 'yan kasuwa, Ibo da mutanen kudancin Kaduna da Tibi ɗaya.

A ajin ne na san asalin ƙungiyar. Wani limami ɗan Najeriya, Fada Abraham Anselm Ojefua, shi ya kafa ta a Anaca ran 14 ga Yuni, 1953, bisa tsarin Knights of Columbus ta Amurka da aka kafa a 1882. Damuwarsa ita ce 'yan boko da masu hali na Katolika suna kwarara cikin ƙungiyoyin asiri don neman 'yan'uwantaka da ɗaurin gindi, sai ya ga gara Ikilisiya ta ba su tata zumuntar. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓen majiɓincin. A 1953 Najeriya tana hannun Turawa, sunayen baftismarmu kusan duk na waliyyan Turai ne, shi kuwa Mulumba ko waliyyi ba a naɗa shi ba tukuna. Paparoma Benedict na 15 ya ayyana su masu albarka a 1920, amma sai ran 18 ga Oktoba, 1964 Paparoma Bulus na 6 ya naɗa shahidan Yuganda 22 waliyyai. Ke nan shekara 11 ƙungiyar ta yi tana ɗauke da sunan baƙar fata ɗan Afirka kafin Roma ta kammala nata aikin. A fahimtata kuma, cikin su 22 ɗin ba a ɗauko Mulumba da ka ba. Da yawansu samari ne masu hidima a fada, ba su yi aure ba. Shi kuwa magidanci ne, mai sarauta, mai shari'a, mai abin hannu, wato irin mutanen da ƙungiyar ke nema. Jarabawarsa ita ce tamu: mata, da kuɗi, da mulki. Shi ya sa ake ɗaukarsa majiɓincin sarakuna da iyalai.

Mai koyar da mu ya faɗi wata magana da ta zauna mini. Ya ce kusan kowace zumunta ta maza tana da wanda ta jingina da shi. Takwarorinmu Knights of St. John suna da Yohanna Mai Baftisma, ana bikinsa 24 ga Yuni. Hatta 'yan ƙungiyar asirin nan ta Firimason, waɗanda Ikilisiya ta hana 'ya'yanta shiga cikinsu tun 1738, suna girmama Yohanna biyu, Mai Baftisma da Mai Bishara, har babbar majalisarsu ta Landan ran 24 ga Yuni, 1717 aka kafa ta. Saboda haka, in ji shi, sunan waliyyi a tuta ba ya shaidar kowa, sai an duba ko halinsa ya sauko cikin mutanen da ke ƙarƙashin tutar.

Wani abokin aikina Batijjane, da muke cin abincin rana tare shekara da shekaru, ya ga littafin a teburina ya ce, "Kai da kake da Annabi Isa, me ya haɗa ka da mutumin Yuganda?" Na ce ba bauta masa muke yi ba, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Muna roƙonsa ya yi mana addu'a kamar yadda za ka roƙi wani bawan Allah, muna kuma auna tafiyarmu da tasa. Ya ce wannan bai zama masa baƙon abu ba, shi ma yana da Shehinsa. Ban ce abu ɗaya ne ba, shi ma bai ce ba, amma mun fahimci juna. Na kuma ba shi labarin da bai taɓa ji ba, cewa kimanin shekara 10 kafin su Mulumba, a zamanin Kabaka Mutesa na farko, an kashe samari Musulmi a Buganda saboda sun fifita dokar addininsu a kan umarnin sarki, kuma a kisan zamanin Mwanga akwai 'yan Angilikan 23. Ya daɗe yana girgiza kai.

Akwai abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na faɗe shi a taro. Kuɗin shiga, da na kaya, da na wata-wata, da gudummawar da ba ta ƙarewa, sun fi ƙarfin talaka. Mahaifina ya yi shekara fiye da 30 yana katikis, yana taka keke daga ƙauye zuwa ƙauye, amma da ya nemi shiga da bai iya ba. Na san ayyukan ƙungiya kuɗi suke ci: karatun masu shirin zama limamai, ziyarar gidan yari, taimakon gwauraye da marayu. Duk da haka, zumuntar da ta ɗauki sunan bawan da ya zama maginin tukwane bai kamata ƙofarta ta yi wa magini tsawo ba. Wasu dattawa sun ji haushina, wasu sun same ni a waje sun ce in ci gaba da faɗa.

Kafin ranar shigarwa muka yi kwana guda na keɓewa da addu'a, kowa ya je ya furta zunubansa. Da safe aka yi Misa, sannan aka rufe ƙofa. Abin da ake yi a ciki na yi alkawarin ba zan baza shi ba, kuma zan cika. Iyakar abin da zan ce, don masu zargi, Fadan da ke kula da ƙungiya yana zaune daga farko har ƙarshe, gicciye yana kan tebur, babu wani abu da zan ji kunyar 'ya'yana su gani. Matakai huɗu ne a ƙungiyar, a na farko aka karɓe mu. Aka tuna mana taken ƙungiya na Latin, tempus fugit, memento mori, wato lokaci na gudu, ka tuna da mutuwa. Da aka ambaci sunan Matiyas Mulumba muka amsa da "yi mana addu'a", muryata ta sarƙe. Mai wucewar nan na tuna, wanda ya ji ana roƙon ruwa ya gudu. Shekara 20 ina jin irin wannan kira daga ƙauye.

Aikin farko da aka ba ni a matsayin sabon barde shi ne jera kujeru da kwashe kwanuka bayan taro. Baba ya zo ya tarar da ni ina naɗe tabarma, ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Ranar ce ya fara kirana da haka.

Ran 3 ga Yunin da ya biyo baya, bikin shahidan Yuganda, Fada ya ce tunda rabin jama'ar Misar safe Hausa suka fi ji, in tashi in ba da tarihin Mulumba da Hausa. Na tsaya a gaba, ina cikin bayani, sai na hango 'yar tawa ta ƙauye a kujerar baya kusa da 'yan Zumuntar Mata. Ban san za ta zo ba, ashe uwargida ce ta aika mata kuɗin mota. Da na zo wurin matan da ya sallama ya kuma tanadar musu, na rage murya, na faɗe shi yadda yake, ban tsallake ba.

Bayan an tashi ta same mu a bakin mota, riƙe da ɗan buhu ɗaure da igiyar rama. Ta gaishe ni, "Malam, ina kwana." Har yau haka take kirana, ban kuma nemi ta canza ba. Ta juya wurin uwargida ta miƙa mata buhun da hannu biyu, ta ce, "Mama, acca ce. Mamana ta ce a ba ki, ta ce ta riga ta wanke ta ta cire yashi." Uwargida ta karɓa, ta buɗe ƙofar baya ta ce wa yaranmu su matsa wa yayarsu.